Sankarar ƙwan mace: Yaya sassaƙe ke zama maganin asibiti?

Lokaci zuwa lokaci akan ji labarin cewa masu bincike sun gano wani ganye ko saiwa da ke kashe ƙwayoyin sankarar ƙwan mace. Labarin kan kasance gaskiya, sai dai galibi a ɗakin gwaje-gwaje aka ga hakan, ba a jikin mace ba, kuma tsakanin biyun akwai tafiya mai nisa.

Misali mafi shahara shi ne Paclitaxel, wanda aka fi sani da Taxol. A 1962 aka sassaƙo ɓawon wata bishiya a jihar Washington ta Amurka, sannan masana biyu, Monroe Wall da Mansukh Wani, suka tace sinadarin da ke cikinsa, suka bayyana siffarsa a 1971. Aikinsa shi ne hana ƙwayoyin cutar rabuwa, don haka ba sa yaɗuwa. Amma sai a 1992 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da shi kan sankarar ƙwan mace, wato bayan shekara 30. Har yau yana cikin manyan magungunan cutar, kuma ta jijiya ake bayar da shi bisa awo.

Topotecan ma daga wata bishiyar ƙasar Sin tushensa yake. Sinadarin farko da aka ciro ya yi wa majinyata illa ƙwarai, har aka dakatar da gwajinsa, sai da aka gyara shi kafin a amince da shi a 1996. Wannan ɓangaren ne masu tallar magani da lasifika ba sa faɗa.

Yanzu ana nazarin sinadarin kurkum da na tazargade, amma babu wanda ya zama maganin cutar. Matsalar kurkum ita ce ɗan kaɗan ne hanji ke tsotsa ya kai jini.

Abin da ya fi ba likitoci tsoro shi ne jinkiri, domin cutar kan yi nisa kafin a gane ta. Kumburin ciki, saurin ƙoshi, ciwon mara da yawan fitsari, idan suka ɗauki makonni, musamman ga wadda ta daina al'ada, dalili ne na ganin likitan mata a yi hoto. Wadda kuma ke shan tsimi ko jiƙo ta sanar da likitanta, don wasu ganyayyaki na rage ƙarfin maganin asibiti ko su wahalar da hanta.