Kafin Ka Kamo Hanyar Gida, Duba Filtar Baƙin Man Motarka

Daga Wakilinmu na Minna

Ana saura kwana uku Babbar Sallar 2024, wani yayana mazaunin Agege ya taso daga Ikko da iyalinsa cikin motarsa Toyota Corolla, za su zo Minna yin Salla. Ya wuce Badun, ya wuce Ilori, ya haye gadar Jebba lafiya lau, ya bi ta Mokwa har Bida. Bayan ya baro Bida, wajen Kataeregi, sai jar fitilar mai ta kama a gaban direba. Ya ce a ransa ai gida ya kusa, bari in lallaɓa. Ba a yi nisa ba inji ya soma ƙara kamar ana dakan sakwara, daga nan ya mutu murus. Da igiya muka jawo motar zuwa garejin Ƙetaren Gwari. Kuɗin ragon layya da na komawa Kurmi duk cikin injin nan suka shige.

Da bakanike ya leƙa ƙarƙashin motar sai ya kira mu ya nuna mana abin da ya jawo wannan hasara. Yaron da ya yi wa motar juye a Ikko ya cire tsohuwar filta, amma robar bakinta ta manne a jikin inji bai lura ba, ya ɗaura sabuwa a kanta. Roba biyu ke nan a wurin da aka yi domin ɗaya. Tun daga Ikko mai yake tsatsafowa kaɗan-kaɗan, gargadar hanya na ƙara girgiza shi, har robar ta fashe, mai ya tsiyaye a kan kwalta.

To, jama'a, abin da ya sa na ɗauko wannan magana ke nan. Da yawa daga cikinku mazauna Ikko da Sabon Badun da Shagamu da Anaca kuna da motocin da kuke neman abinci da su, ko kuke zuwa gida da su shekara-shekara. Daga Ikko zuwa Minna ya haura kilomita 600. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da riƙe mota ya zama, balle kuma sake inji. Alhali filtar da ke tsare lafiyar injin, kuɗinta kwatankwacin na 'yan litocin fetur ne, canja ta kuma aikin da mai mota zai iya yi da hannunsa ne a ƙofar gidansa.

Mene ne aikinta? Baƙin mai yana zagaya cikin inji ne kamar yadda jini ke zagaya jikin mutum, yana shafe karanshaf da fistin da ringi don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Cikin wannan zagaye yakan kwaso ɓurɓushin ƙarfe da baƙin hayaƙi da ƙurar da ta kutsa ciki, musamman lokacin hunturu. Filta ita ce rariyar da ke tace shi. In ka fasa gwangwaninta za ka tarar da wata takarda mai kauri an nannaɗe ta ninki-ninki. Akwai kuma wata 'yar ƙofa mai sifirin a ciki: idan takardar ta toshe, ƙofar sai ta buɗe mai ya wuce ba tacewa, don gara mai mai datti da babu mai sam. Nan haɗarin yake. Mota ba za ta gaya maka filta ta toshe ba. Za ta ci gaba da tafiya, dattin na cin injin a hankali, sai ran da ka ga tana shan mai tana hayaƙi. Saboda haka mai zuba sabon mai ya bar tsohuwar filta don ya rage kuɗi, ya yi wanka ne ya mai da tufafin jiya.

Tsofaffin direbobi sukan yi dariya in an yi wannan zance, su ce su a zamaninsu ba su san wata filta ba. Akwai ƙamshin gaskiya. Volkswagen Beetle, wadda Yarbawa ke kira Ijapa, watau kunkuru, da aka soma harhaɗawa a Ikko a 1975, ba ta da filtar gwangwani. 'Yar raga ce kawai a ƙarƙashin inji da noti shida, a kwance a wanke a mayar. Amma Peugeot 504 da aka soma harhaɗawa a Kaduna a wannan shekarar tana da ita, haka kuma motocin da muke hawa yanzu, waɗanda injinansu ba su jure datti kamar na dā.

Abu na fari shi ne saye, kuma nan aka fi cutar mutane. Ko a Ladipo ta Mushin ne ko a shagunan Minna, akwai mai kyau akwai jabu, kwalinsu kuwa iri ɗaya. Ka tafi da lambar filtar motarka, kada ka yarda da "ai wannan ma za ta shiga". Ɗauki filtar ka auna ta a hannu. Wadda ta cika rashin nauyi abar tuhuma ce. Leƙa cikin ramin ka ga ko zaren bakin yana da tsabta ba ɓurɓushi, ka danna robar ka ji tana da laushi ba ta bushe ba. Wanda ya sallama maka a kan rabin kuɗin da kowa ke sayarwa, ba ƙaunarka yake yi ba. Mai kuma ka sayi wanda littafin motar ya ce. Mutanenmu sun saba da 20W-50 mai kauri, amma yawancin motocin baya-bayan nan mai mai ruwa-ruwa suke so, irin su 5W-30. Ƙaramar mota kamar Corolla takan sha kusan lita 4.

Ran aiki, ka tada mota ta yi kamar minti biyar don mai ya ɗumama ya yi saurin zuba, kana ka kashe. Kada ka yi da inji mai zafi bayan doguwar tafiya, man yana sale fata. Ka tsayar da ita a miƙaƙƙen wuri, ka ja birkin hannu, ka sa dutse bayan taya. Ina roƙonka don Allah kada ka shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita. Jak yakan zame, ko ya nutse in ƙasa ta jiƙe. Ka tokare ta da ƙarfen tokara ko kututturen itace mai ƙwari. Bulon siminti yakan farfashe ba zato.

Ka ajiye tsohon kwano ko rabin jarka a ƙarƙashi, ka kwance notin da ke gindin inji. A yawancin Toyota sifana mai lamba 14 ce, a Honda 17. Bar mai ya tsiyaye har ya koma ɗigo. Ka mai da noti da sabuwar washa in ka samu, ka ɗaure daidai ƙarfin hannu, ba sai ka taka sifana da ƙafa ba. In zaren ya lalace ka sayo wa kanka wani aikin.

Sai filta. Ana kwance ta ne ta hagu. In ta ƙi, akwai sifanarta mai sarƙa ko mai maɗauri, tsohon bel na fata ma yakan yi. Da ta fita, ka juya bakinta ka duba: robar na jikinta? In babu, to tana manne a inji, ka sa yatsa ka ɓanɓaro ta. Wannan duban na daƙiƙa biyu shi ne abin da yaron nan na Ikko bai yi ba. Goge wurin da tsumma mai tsabta, ka laƙato sabon mai ka shafa wa robar sabuwar filta, ka murɗa ta da hannu har robar ta taɓa jikin inji, sannan ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye ɗaya. Da hannu fa, ba da sifana ba. Wasu sababbin motoci, irin wasu Camry da Corolla, ba gwangwani suke da shi ba, murfi ne ake kwancewa a sake takardar ciki; su ma sukan zo da sabuwar robarsu a kwali, kada a jefar da ita a mai da tsohuwa.

Zuba mai ta sama, ka bar kaɗan a galan. Tada inji ka zuba wa jar fitilar nan ido. Ya kamata ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi. In ta ƙi, kashe mota nan take. In ta mutu, bar inji na aiki ka durƙusa ka duba bakin filta da notin ƙasa ko akwai yoyo. Kashe, jira minti biyar, zaro geji ka goge ka mayar ka sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamu biyun nan. Wuce ta sama ma illa ne, ba gwaninta ba. Rubuta lambar kilomita a 'yar takarda ka liƙa. A irin hanyoyinmu da ƙurarmu kanikawa sukan ba da shawarar juye a kowace kilomita 5,000. Kuma kada ka yi juye yau ka kama hanyar Arewa gobe da asuba. Ka yi kwana biyu kana zagayawa cikin gari, kowace safiya kana duba ƙasa inda motar ta kwana.

Saura tsohon man. Kada ka tuttular da shi a kwata ko bayan gida. A Ikko kwata lagun take zuwa, a nan Minna kuwa ruwan sama na kwashe shi zuwa rafuka da rijiyoyin unguwa. Ba shi da kyau ga fata, don haka ka wanke hannu da sabulu, kada kuma a shafa wa yaro ko dabba da sunan maganin ƙazuwa kamar yadda wasu ke yi. Ka ɗura shi a galan ɗin da sabon ya fito, ka rufe, ka kai gareji; akwai masu bi suna saye.

Yayana dai sai da motarsa ta yi mako biyu a Ƙetaren Gwari, iyalinsa suka koma Agege a motar haya. Tsofaffin robobin nan biyu har yanzu suna cikin aljihun gaban motar, ya ce ba zai yar da su ba.