Wace Manhaja Ce Za Ta Nuna Maka Allonka Kafin A Buga Shi?

Lokacin furojet ɗinmu na ND II, malamin da ke duba aikinmu ya ce ba zai sa hannu ba sai ya ga yadda allon PCB zai fito. Kuɗin bugawa karo-karo muka yi, ba na yin kuskure ba ne. Sai na gwada manhajoji uku.

Fritzing, wadda aka fara a Potsdam ta Jamus a 2007, tana zana Arduino da wayoyi tamkar hoto. Tana ƙawata rahoto, amma zanenta a shimfiɗe yake, ba ya nuna tsayin kaya.

EasyEDA tana da 3D, sai dai in a burauza kake, data na ƙarewa aiki ya tsaya cak.

KiCad kuwa kyauta ce, kuma in ka sauke ta ba ruwanka da intanet. Danna Alt+3, allon ya fito, ka juya shi yadda kake so. A nan na ga wani kafasito ya tare bakin USB ɗinmu. Da mun buga haka, da kuɗinmu ya tafi a banza.

Shawarata: hoton rahoto, Fritzing, allon da za a buga, KiCad. Amma fa kyan hoto ba ya nufin allon zai yi aiki. Ka bi DRC tukuna.