Baƙon malamin Ingilishi a makarantun Faransa

Kowace shekara, ranar 1 ga watan Oktoba, samari da ƴan mata fiye da 4,000 daga ƙasashe dabam-dabam sukan kama aiki a makarantun gwamnatin Faransa, domin su taimaka wajen koyar da harsunan da suka tashi da su. Kashi mafi girma masu Ingilishi ne, daga Ingila, da Amurka, da Kanada, da Indiya, har da Gana da Kenya. Tsarin ba sabo ba ne: tun shekara ta 1905 aka kafa shi, kuma wata hukuma da ke garin Sèvres, kusa da Paris, ita ke riƙe da shi.

Wanda ya karanta takardar aikin zai ce hutu ne aka haɗa da albashi. Awa 12 a mako, wata bakwai, kuma cikin watannin nan ana rufe makarantu har sau huɗu, mako biyu-biyu. Abin da ke shiga hannu a wata ya kai wajen yuro 800, watau kamar jika 525 na kuɗinmu. To, amma jama'a masu karatu, kada lissafin nan ya ruɗe ku. A birnin Paris ɗaki guda ƙanƙane yakan cinye fiye da rabin kuɗin, kuma baƙo ba shi ke zaɓen garin da za a tura shi ba. Yana iya roƙon yanki, sauran kuwa sai yadda hukumar ilimi ta yanke.

Wahalar farko ta takardu ce, kuma mu ma'aikata mun san irinta, don a gida ɗaya muka gaje ta. Ba a biyan albashi sai ta banki. Banki ba ya buɗe wa mutum asusu sai ya kawo shaidar wurin da yake zaune. Mai gida kuwa ba ya ba da ɗaki haya sai ya ga takardar albashi, da wanda zai tsaya wa baƙo in ya kasa biya. Haka mutum zai yi ta kewaya kamar raƙumin ban ruwa. Wanda bai haɗa takardunsa da wuri ba, albashinsa na farko sai ƙarshen Nuwamba, wata biyu ke nan yana cin guzurin da ya zo da shi.

A cikin lakkwal kuma matsayinsa rabi da rabi ne: shi ba mushe ba, shi ba ɗalibi ba. Ba ya ba da maki, ba ya riƙe aji shi kaɗai shekara guda. Malamin aji yakan ware masa yara goma ko goma sha biyar, ya ce ya sa su magana. Nan ne fa aikin yake. Yaro ya yi shekara biyar yana koyon Ingilishi, ya san ƙa'idojin nahawu a ka, amma a tambaye shi abin da ya ci da safe sai ya sunkuyar da kai. Ba rashin sani ba ne, tsoron kuskure ne. Makarantar da ke auna kome bisa maki 20, wadda ke bin kowane harafi da jan alƙalami, takan koya wa yaro cewa shiru ya fi kuskure sauƙi. Duk wanda ya zauna a bencin lakkwal a Maraɗi ko Zinder ya san wannan tsoro, domin reshen itace guda ne.

Ga kuma abin da harshe ya saba. Bafaranshe ba ya furta harafin h a farkon kalma, saboda haka kalmar Ingilishi mai nufin jin yunwa da mai nufin jin fushi sukan fito daga bakinsa kusan iri ɗaya. Aji ya fashe da dariya, yaron ya rufe baki har ƙarshen wata. A ganina, babban amfanin baƙon malami shi ne shi ma yana tuntuɓe da Faransanci a gaban yara, ya ɗauki kalma namiji ya mai da ita mace, su gyara masa, ya yi godiya. Ranar da suka ga babba ya yi kuskure bai mutu ba, ranar harshensu ke fara sakewa.

Idan an tashi daga aji sai zama da mutane. Dole ya koyi wanda ake kira da kalmar girmamawa da wanda ake kira da ta abota, kamar yadda mu ke cewa "ku" ga dattijo. Dole ya gai da mai burodi kafin ya tambayi burodi, in ba haka ba a ɗauke shi marar tarbiyya. Abincin rana a kantin makaranta ba a yi masa gaggawa, kuma a teburin nan ne malamai ke sanin baƙo, ko su manta da shi. Wanda yake da addini zai tarar da cewa makarantar gwamnati ba ta yarda ma'aikaci ya nuna alamar addininsa a bakin aiki ba, kowane addini ne kuwa.

Abin da ya fi nauyi shi ne sauran lokacin. Awa 12 ba su cika mako. A ƙaramin gari, ranar Lahadi yawancin kantuna a rufe suke, cikin Disamba kuma rana takan faɗi tun wajen ƙarfe biyar. Ba dandali, ba zaman hira a ƙofar gida. Ya zo ne ya gyara Faransancinsa, amma duk wanda ya ji lafazinsa sai ya juya masa da Ingilishi, don shi ma yana son ya gwada nasa.

Sai wajen watan Maris yakan sami kansa: mai burodi ta san abin da yake saye, yaran bayan aji sun fara ɗaga hannu, wani malami ya kai shi gidansu cin abinci. Ranar 30 ga Afrilu kwangila ta ƙare. Wasu sukan nemi a sabunta musu, da yawa sukan rufe asusu su mai da mabuɗin ɗaki. Manyan ɗalibansa na lise suna shiga jarrabawar bakaloriya a watan Yuni, shi kuwa a lokacin ya riga ya koma ƙasarsu.