Mahaɗin Tiyon Haidirolik da Yadda Ake Kula da Shi

Tarakta da katafila da injinan haƙa ƙasa suna ɗaga kaya masu nauyi ne da ƙarfin man haidirolik, wato man da famfo ke turawa cikin tiyo da matsi mai tsanani har ya motsa silinda, bisa ƙa'idar da masanin Faransa Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17, cewa matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen wuri yakan isa kowane sashe nasa daidai wa daida. Da yake tarakta ɗaya kan ja tirela mai juye kaya yau, gobe kuma a ɗaura mata garma, sai aka ƙera mahaɗin tiyon da ake ɗaurawa da cirewa da hannu nan take, ba tare da sifana ba.

Mahaɗin ɓangare biyu ne, namiji da mace. A cikin kowannensu akwai bawul, wato ƙaramar ƙofa da sifirin ke dannewa ta toshe hanyar mai, kuma idan aka ja zoben da ke jikin macen baya aka cusa namijin, bawulolin biyu kan ture juna su buɗe, ƙananan ƙwallayen ƙarfe kuma su faɗa cikin tsagin da ke wuyan namijin su riƙe shi gam. Yawancin taraktoci suna amfani da samfurin rabin inci mai bin ma'aunin ISO 7241, yayin da injinan gine-gine suka fi karkata ga mai shafaffen baki na ISO 16028, wanda ba ya zubar da mai sosai kuma yake da sauƙin gogewa. Samfuran biyu ba sa shiga juna, don haka wajibi ne mai saye ya duba irin wanda ke jikin injinsa.

Babbar abokiyar gabar wannan na'ura ita ce ƙura, musamman a lokacin hunturu, domin ƙwayar yashin da ta maƙale a bakin mahaɗi takan bi mai ta cinye robar da ke hana yoyo, ta kuma goge cikin famfo, wanda kuɗinsa ya ninka na mahaɗin sau da yawa. Shi ya sa ake goge baki biyun da tsumma mai tsabta kafin a haɗa, a kuma rufe su da murfinsu bayan an cire. Haka nan tiyon da ya wuni a rana mansa kan kumbura har mahaɗin ya ƙi shiga, kuma duka da guduma lalata bawul kawai yake yi. Abin da ya dace shi ne a kai injin inuwa ya huce.

Matsin man tarakta kan kai kusan bar 200, wanda ya isa ya huda fata ta ɗan ƙaramin rami ya jawo rauni mai bukatar tiyata cikin gaggawa. Saboda haka ba a laluben yoyo da hannu sai da guntun kwali, kuma ba a taɓa mahaɗi sai an sauke garma ƙasa, an kashe injin, an motsa libar haidirolik gaba da baya har matsin ya sauka.