In mai ciki ta sha giya, mutum biyu suka sha

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kowa ya san mace mai ciki ba ita kaɗai take ci ba. Tuwon da ta ci da furar da ta sha, ɗan da ke cikinta yana samun rabonsa. To, haka abin yake ga giya. A wannan wata za mu ba ku labarin ɓarnar da giya ke yi wa ɗan tayi, da yadda ake horar da ma'aikatan lafiya a wasu ƙasashe don su iya faɗa wa mata wannan magana.

Wani zai ce: mu nan galibinmu Musulmi ne, me ya haɗa mu da zancen giya? Gaskiya ne, mafi yawan matanmu ba su sha. Amma ana dafa burkutu a wasu garuruwa, ana sayar da giyar kwalba a birane, kuma mutanenmu suna tafiya ci-rani da iyalinsu ƙasashen da giya da bammi suka yi yawa. Wadda ke sha kuwa ɓoyewa take yi saboda kunya. Ciwon da aka ɓoye shi ya fi wuyar magani.

YADDA GIYA KE KAI GA ƊAN TAYI

Cikin kowace giya akwai barasa, ita ce ke sa maye. In mace ta sha, barasa ta shiga jininta. Daga nan ta ratsa mabiyiya, ta bi igiyar cibiya, ta shiga jinin yaro. Hantar babba tana iya ƙone barasa sannu a hankali. Hantar ɗan tayi ba ta ƙosa ba, ba ta iya wannan aiki. Don haka barasa takan daɗe a jikinsa da cikin ruwan da yake kwance.

Fuskar yaro da zuciyarsa suna haɗuwa ne a makonnin farko, sau da yawa tun uwa ba ta san ta ɗauki ciki ba. Ƙwaƙwalwa kuwa tana girma daga farkon ciki har wata na 9. Ke nan babu watan da giya ba ta cuta. Tana iya sa ɓari. Tana iya sa a haifi bakwaini, ko a haifi yaro ba rai.

Yaron da abin ya kama sosai ana haihuwarsa ƙanƙane, kansa ƙarami. Idanunsa ƙanana, leɓen sama siriri, ɗan kwarin nan da ke tsakanin hanci da leɓe ya shafe. Amma ku lura: yara da yawa da giya ta taɓa, fuskarsu lafiya lau take. Sai sun girma a ga ba su riƙe karatu, suna saurin mantuwa, ba su iya zama wuri ɗaya, lissafin kuɗi yana ba su wuya. Sai a ce yaro ba ya jin magana, ko a ce iskoki ne. Wannan lahani ba ya warkewa, mutum yana tare da shi har tsufa. Amma in uwa ba ta sha ba, yaro ba ya kamuwa da shi.

YADDA AKA GANO

A shekarar 1968 wani likitan yara a garin Nant na ƙasar Faransa, Dokta Pol Lemuwan, ya rubuta abin da ya gani ga yara 127 waɗanda aka haifa a gidajen mashaya. Ya ga sun yi kama da juna kamar ƴan ɗaki ɗaya. Likitoci ba su kula da maganarsa ba. Sai a 1973 wasu likitoci a garin Siyatil na Amurka suka ga irin wannan ga yara 8, suka raɗa wa cutar suna. A 1981 babban likitan gwamnatin Amurka ya yi kira ga masu ciki su bar giya. A Faransa, tun 2007 doka ta sa a yi wa masu ciki gargaɗi a jikin kowace kwalba.

Amma rubutu a jikin kwalba ba ya isa. Ƙwaryar burkutu ba ta da rubutu. Mutumin da mace ke sauraro shi ne ungozoma, ko malamin asibiti, ko ma'aikaciyar kula da jama'a. Su kuma da yawansu ba a koya musu zancen ba lokacin da suke makaranta. Saboda haka a 2002 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da kuɗi aka kafa cibiyoyi 4 don horar da likitoci da sauran ma'aikata a kan wannan cuta. A 2017 masu bincike suka ƙididdige cewa a duniya kusan mace 1 cikin masu ciki 10 tana shan giya, kuma kowace shekara ana haihuwar yara wajen dubu 119 da cutar mai tsanani.

LABARIN GONAKIN INABI

Bari mu dubi ƙasar Afirka ta Kudu, don abin ya shafi ƴan ƙodago na gona. Can a yankin Kef, Turawa masu gonakin inabi sun yi shekaru ɗaruruwa suna biyan wani sashe na ladan aiki da giya. Doka ta hana tun farkon shekarun 1960, amma wasu gonaki ba su bari ba har shekarun 1990. Shan giya ya zama jiki ga maza da mata, musamman ranar da aka yi biya.

A 1997 likitoci suka duba ƴan ajin farko na lakwal a wani gari na masu noman inabi. Suka tarar a cikin kowane yara 1000, fiye da 40 suna da cutar. A wannan shekara Farfesa Denis Viljoen ya kafa wata ƙungiya mai suna FARR, wadda ke bincike, tana kuma horar da ma'aikatan lafiya da na kula da jama'a.

A garuruwa biyu na Kef ta Arewa, De Ar da Apinton, aka gwada aiki. Aka horar da ma'aikata, wasunsu ƴan garin ne. Suka riƙa yi wa mata bayani a wurin awo, aka kuma yaɗa maganar ta kafofin labarai na yankin. Kafin a fara, kusan jarirai 9 cikin 100 da aka duba giya ta taɓa su. Bayan an yi aikin, sai aka samu kusan 6 cikin 100. An buga wannan sakamako a 2012. Ba allura aka yi ba, ba ƙwaya aka raba ba. Magana ce kawai, daga bakin waɗanda aka koya wa yadda ake yin ta.

ABIN DA AKE KOYA WA MA'AIKACI

Na farko, ya san gaskiyar maganar: babu ƙwarya ko kofin da aka tabbata ba ya cuta. Burkutu, da bammi, da giyar kwalba, da maganin da aka jiƙa cikin barasa, duk ɗaya ne ga ɗan tayi.

Na biyu, ya tambayi kowace mace. A 2014 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce a tambayi duk mai ciki zancen giya tun zuwanta na farko, a kuma sake tambaya a kowane awo. In kowa ake tambaya, ba wadda za ta ji an nuna ta da yatsa.

Na uku, ya iya tambaya. Nan ne aikin yake. In an yi wa mace tsawa gaban mutane, za ta ce ba ta sha, kuma ba za ta sake dawowa awo ba. An yi hasarar uwa, an yi hasarar ɗa. Don haka a wurin horo akan sa ma'aikata su yi kamar wasan kwaikwayo: ɗaya ta zama ungozoma, ɗaya ta zama mai ciki. Ga misalin yadda ake so zancen ya tafi, su biyu kaɗai a ɗaki:

— Ɗiyata, duk wadda ta zo awo ina yi mata tambayoyin nan. Kina cin goro? Kina shan taba? Yaushe rabonki da burkutu ko wata giya?

— Wallahi, Inna, sai ran kasuwa nake ɗan kurɓa.

— Madalla da kika faɗa mini, maganar nan tsakaninmu ce. Ƙwarya nawa kike sha ran kasuwar?

— Biyu ko uku. Ai sun ce yana ƙara jini.

— Ba ya ƙara jini. Ko kin san abin da kika sha, na cikinki ma ya sha? In kin bari yau, tun yau zai fara samun sauƙi. Wa zai taimake ki a gida?

Kun ga ba zagi, ba ban tsoro. An tambayi yawan abin da take sha da ma'aunin da ta sani, an gyara mata kuskure, an nemi mai taimakonta.

Na huɗu, ya san iyakar aikinsa. Macen da giya ta kama har jikinta na rawa in ba ta sha ba, kada a ce ta yanke dare ɗaya ita kaɗai a gida. Hakan yana iya kawo farfaɗiya, ya cuci uwa da ɗa. A kai ta asibiti, likita ya lura da ita.

Na biyar, ya gane yaron da abin ya riga ya taɓa. A aika da shi wurin likita. A faɗa wa iyaye da malamin lakwal cewa ba taurin kai ba ne, duka ba ya gyara shi. A ba shi umarni ɗaya ɗaya, a maimaita masa, a yi haƙuri da shi. Yaron da aka gane da wuri ya fi samun abin yi in ya girma.

RABONMU CIKIN AIKIN

A ƙasarmu ta Nijar, tun shekarun 1960 aka fara zaɓen ungozomomi da masu ba da taimakon farko a ƙauyuka ana horar da su. Ke nan mun san amfanin ɗan gari wanda ya koyo ilimi ya kawo gida. Wannan darasi na giya ba ya bukatar kayan aiki. Abin da yake so shi ne sani, da riƙon asiri, da taushin baki.

Maigida, naka aikin ba ƙarami ba ne. Kada ka kawo wa matarka giya. In kana sha, da wuya ta bari. Uwar miji da kishiya, ku taimaka, ban da gori. Mai shayarwa ma ta sani barasa tana shiga nono, kuma ba ta ƙara shi. Wadda ke neman haihuwa ta bari tun kafin ta ɗauki ciki. Wadda ta riga ta sha, kada tsoro ya hana ta zuwa awo. Ta je, ta faɗi gaskiya.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah shi sauki mata lafiya, shi raya mana zuri'a.