Kesadiya: Gurasar Meksiko Mai Cuku da Jatan Lande

Yau tukunyarmu za ta yi tafiya mai nisa, har ƙasar Meksiko da ke kudu da Amurka, mu ɗauko wani abinci da suke kira kesadiya. Kada sunan ya tsorata ki. Gurasa ce siririya da ake zuba mata cuku da haɗi, a ninke ta biyu, a gasa a kasko. Na zaɓo ta ne saboda irin ranar da yara suka dawo makarantar boko da yunwa, ga islamiyya tana jiransu, tuwo kuwa bai ko kai ga talge ba.

Sunan ya samo asali ne daga kalmar "keso", wato cuku a harshen Sifaniyanci. Ita gurasar kuma tortiya suke ce mata. Mutanen Meksiko sun daɗe suna yin ta da masara, domin a ƙasarsu aka fara noman masara kimanin shekaru 9,000 da suka wuce. Sukan dafa masarar da ruwan farar ƙasa ko na toka kafin su niƙa, abin da ke sa ƙullun ya yi danƙo, jiki kuma ya fi amfana da abin da ke cikin ƙwayar. Alkama da shanu da cuku kuwa Sifaniyawa ne suka kai musu bayan sun isa ƙasar a 1519. Shi ya sa har yau kudancin ƙasar ya fi riƙe ta masara, arewaci kamar jihar Sonora ya fi son ta fulawa. Mai jatan lande kuma ta yi suna ne a garuruwan bakin tekun Fasifik, musamman jihar Sinaloa inda ake kamun jatan lande da yawa. A 2010 hukumar UNESCO ta sanya girkin gargajiyar Meksiko cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Mu ta fulawa za mu yi, don garin masarar tuwonmu ba ya kama jikinsa idan aka murza shi siriri, sai ya dinga tsagewa.

To, kafin a kunna wuta akwai maganar cefane, kuma nan ne gizo ke saƙar. Yawancinmu ba mu zuwa kasuwa, maigida ne ko ɗan aike ke sayowa. Jatan lande kuwa daga bakin teku ake kawo shi a daskare, ya yi doguwar tafiya kafin ya iso gare mu. Don haka ki yi wa mai sayowa bayani dalla-dalla. Ya saya a wurin da ake ajiye kifi cikin sanyi sosai. Ya taɓa ledar ya ji ta da ƙarfi kamar dutse. Idan ya ga jatan landen ya dunƙule wuri guda cikin ƙanƙara mai yawa, alama ce ya taɓa narkewa aka sake daskarar da shi, ya bar shi. Ya kuma kawo shi gida kai tsaye, ban da tsayawa hira a hanya. Da ya shigo hannunki ki shinshina. Mai kyau ƙarninsa kaɗan ne, wanda ya lalace kuwa yana wari mai hawa kai, jikinsa na yauƙi. Irin wannan zubarwa ake yi, ko nawa aka saye shi, don asarar kuɗin cefane ta fi kwanciya asibiti sauƙi.

Idan jatan lande ya yi tsada ko babu shi a garinku, ai da babu gara ba daɗi. Tsokar karfasa, ko giwan ruwa, ko kifin gwangwani da aka tsiyaye mansa, duk suna yi. Ki cire ƙaya tsaf, sannan ki barbaɗa rabin cokali na dakakken busasshen jatan landen nan da muke sa wa miya, zai kawo miki ɗanɗanon.

Sai cuku. A Meksiko suna amfani da irin wanda ke narkewa yana jan zare, kamar na jihar Wahaka. Wanda ya fi kusa da shi a manyan kantunanmu shi ne mozarela, ko kuma ceda. Cukun Fulani, wanda wasu ke kira wara, ana daskarar da shi ne da ruwan tumfafiya, kuma ba ya narkewa a wuta, laushi kawai yake yi. Busasshen cukun Nijar shi ma haka. Idan su kike da su, ki murmushe, ki kaɗa ƙwai guda ki haɗa, ƙwan zai riƙe miki haɗin. Aikin cuku a kesadiya ke nan, shi ne ke manne gurasar da abin da ke cikinta.

Ga abin da za ki tanada don gurasa 8: fulawa kofi 2, gishiri rabin ƙaramin cokali, man gyaɗa babban cokali 3, da ruwan ɗumi kashi uku cikin huɗu na kofi. A can sau da yawa da kitsen alade suke kwaɓawa, mu kuwa man gyaɗa ko man shanu ya wadatar. Ki kwaɓa na minti 5 har ƙullun ya daina kama hannu, ki raba shi 8, ki mulmula, ki rufe da tsumma mai ɗan danshi ya huta minti 20. Wannan hutun kada ki tsallake shi. Ƙullun da bai huta ba kina murzawa yana komawa baya kamar roba. Bayan nan ki barbaɗa fulawa a faranti, ki murza kowane da kwalba mai tsabta har ya yi faɗin ƙaramin faifai, siriri sosai. Ki ɗora a busasshen kasko mai zafi, babu mai. Da kin ga ya fara kumbura, ɗigo-ɗigon ja ya fito, wajen rabin minti ke nan, ki juya. Ki riƙa tara su cikin tsumma mai tsabta don tururinsu ya sa su yi laushi.

Yayin da ƙullu ke hutawa sai ki yi haɗin. Jatan lande giram 300, albasa 1, tattasai 2, attarugu 1, tafarnuwa ƙwaya 2, da rabin lemon tsami. Idan a daskare yake, ki sa shi da ledarsa cikin ruwan sanyi ya saki, ban da ruwan zafi, ban da shanyawa a rana. Ki ɓare ɓawon, ki tsaga bayansa kaɗan da wuƙa ki zare baƙin zaren nan, hanjinsa ne. Ki wanke, ki tsane shi da kyau, ki yanka kowane gida biyu ko uku. Yankawar tana sa kaɗan ya ishi gida.

Ki soya albasa da tattasai da attarugu a mai cokali 2 har ruwansu ya ƙone, ki zuba tafarnuwa, sannan jatan lande a ƙarshe. Minti 2 zuwa 3 ya ishe shi. Yana sauya launi daga ruwan toka zuwa ja-ja, tsokarsa ta yi fari har ciki, to ya nuna. Idan kika bar shi kamar naman miya sai ya yi tauri, yara su yi ta tauna. Ki sauke, ki matsa lemon tsami, ki ɗanɗana gishiri. Idan akwai romo a ƙasan tukunya ki tsiyaye shi, domin haɗi mai ruwa shi ne ke jiƙa gurasa ta yage.

Yanzu sai haɗawa. Ki goge cuku kamar giram 200 da abin gogar kuɓewa. Ki shimfiɗa gurasa, ki barbaɗa cuku a rabinta, ki zuba haɗi cokali 2, ki ƙara cuku kaɗan a sama, ki ninke ɗaya rabin a kai. Cuku ƙasa, cuku sama, haɗi a tsakiya. Kada son yawa ya sa ki cika ta, wajen juyawa duk zai zube. Ki shafa mai kaɗan a kasko, wuta madaidaiciya, minti 2 kowane gefe, kina ɗan dannawa da bayan cokali. Mai gawayi ta jira harshen wutar ya kwanta tukuna, don wuta mai ƙarfi takan ƙona waje alhali cukun bai narke ba. In kin sauke ki ba ta minti guda ta huce, sannan ki yanka gida uku.

Abin ci da ita ba wuya. Ki yanka tumatir da albasa da ɗanyen barkono ƙanana, ki sa gishiri da lemon tsami. Idan lokacin fiya ne ki dama guda ki ajiye a gefe.

Saurin kesadiya yana cikin shiri ne, uwargida. Ki gasa gurasarki tun da safe ko daren jiya, ki ɗaure a leda. Idan yara sun shigo, haɗi da gashi ba za su wuce minti 15 ba. Amma haɗin kifi ko jatan lande kada ya wuce awa 2 a waje, lokacin zafin bazara kuwa awa 1. Idan an ɗauke wuta har ɗanyen da ke firji ya narke, in dai da sauran sanyinsa ki dafa shi nan take, in ya ɗumame ki zubar.

Abu na ƙarshe, akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar jatan lande da ƙaguwa. Yaron da bai taɓa ci ba a fara ba shi ɗan kaɗan, a sa masa ido. Idan aka ga ƙaiƙayi, ko borin jini, ko leɓe da fuska sun kumbura, a dakatar. Idan numfashi ya fara yi masa wuya, ki sa a kai shi asibiti a lokacin, ko maigida ba ya nan, a aika masa daga baya. Yana da kyau ku yi wannan maganar da shi tun kafin buƙatar ta taso. Wanda aka san yana da wannan lalura a yi masa tasa daban da kaza ko wake, a wani kaskon da aka wanke.

To 'yan uwa, a nan za mu sauke tukunyarmu ta yau. Wadda ta gwada ta aiko mana da saƙo mu ji yadda mutanen gida suka karɓe ta. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a ci lafiya.