Daga Arewa zuwa Argungu: buɗe ido da guzuri kaɗan

Manomin Dogon Dutsi ko na Tibiri da ke son ganin ƙasar waje karo na farko ba ya bukatar jirgin sama. Argungu, cikin jihar Kabi ta Najeriya, na nan kusa, kuma hanyarta ta ratsa ƙasar 'yan'uwansa Arawa na Kangiwa.

Can ne ake bikin su a kogin Matan Fada, wanda aka fara a 1934 don ƙarfafa zumunci tsakanin Kabi da Sakkwato. UNESCO ta sanya shi cikin gadon duniya a 2016. Akwai kuma gidan tarihi na Kanta.

Mai hankali yakan tanadi kuɗin mota tun bayan girbi, ba tare da taɓa hatsin rumbu ba. Yakan riƙe takardun shaidarsa da katin rigakafin shawara, ya canza sefa kaɗan zuwa nera, ya sauka gidan dangi.

Tun da an rufe iyaka a 2023, Nijar kuma ta fita daga CEDEAO a 2025, wajibi ne ya tambayi hukuma halin hanya, ya kuma yi tafiyarsa da rana.